Salula ta yi shiru: a share ta a gida, a kai ma mai gyara, ko a haƙura a sayi wata?

Ranar wata Lahadi, kasuwar Tawa na ci, Inna ta aiko jikanta ya kira ni. Na iske ta bisa tabarma a inuwar dogon yaro, salula a hannu, tana jujjuya ta kamar mai duban ƙwai a bakin kasuwa.

"Wagga aba ta bebance," in ji ta. "Kwana ukku ƙanenka na aiko magana daga Abijan, ina ganin abin na tafiya, ban jin komi."

Inna ba ta yi boko ba, saƙon murya na WhatsApp shi ne wasiƙarta. Kuma a ƙasar Adar da wuya ka shiga gidan da ba shi da wani a wajen bida, Abijan ne, Libiya ce, Aljeriya ce ko Najeriya. Saboda haka sifikar salula ba ta jin waƙa kawai ba ce a wajenmu. In ta mutu, kamar an toshe hanyar da ɗa ke gaida uwarshi ne. Abin da ya fara zo mani a rai shi ne in shiga kasuwa in sayo mata wata, tunda ga kasuwa na ci. Allah ya sa na tsaya na duba tukuna.

Hanyoyin da ke gaban mai irin wannan matsala sanannu ne: ka taɓa da kanka, ka kai rumfar mai gyara, ka nemi wakilan kamfanin, ka rufa ma kanka asiri da abin kunne, ko ka sake salula. Ba wadda ta fi sauran a kowane hali. Abin da ke raba gardama shi ne sanin inda ciwon yake, kuma wannan binciken minti goma ne, ba ya cin ko dala.

Yawanci salula tana da sifika biyu. Akwai ƙarama a sama, wadda kake karawa a kunne in ana kira, akwai babba a ƙasa kusa da ramin caji, mai fidda ƙarar kira da bidiyo da karatun Alƙur'ani. Ka sa wani ya kira ka. In kana jin shi a kunne amma da ka buɗe murya sai shiru, babbar ce ke da magana. In kai kana jin shi, shi ne ba ya jin ka, sifika ba ta da laifi, makirfo ne. Wani abin da ke ruɗar mutane kuma: salula da yawa suna da jerin ramuka biyu a ƙasa, dama da hagu, amma ɗaya ne kaɗai ke da sifika a bayanshi, ɗayan na makirfo ne ko na ado. Na ga wanda ya je gyara yana rantsuwa cewa sifikarshi guda ta mutu, alhali haka aka ƙera ta.

Daga nan sai ka dubi saman fuskar salula. In ka ga ɗan hoton abin kunne alhali ba ka soka komi ba, ƙura ce ko zaren aljihu ya cushe ramin, salula ta ɗauka an soka ekuter, tana tura sauti can. Ka kashe Bluetooth, don sau da yawa murya na tafiya ne cikin wani akwatin kiɗa da ke ɗakin yara. Ka shiga Paramètres ka duba ƙarfin sauti, domin na kira daban, na bidiyo daban, na ƙararrawar tashi daban. Ka duba ko an taɓa Ne pas déranger, wato tsarin da ke hana salula ƙara. Ka kashe salular ka kunna. Masu Samsung na iya danna *#0*# a wurin buga lamba, a da yawa daga cikinsu allon gwaji zai buɗe, ka gwada kowace sifika ita kaɗai. Akwai kuma tarkon da ya shafi WhatsApp kaɗai: a saman fuska akwai ɗan ido mai gane cewa ka kai salula kunne. In gilashin kariya ya rufe shi ko datti ya dafe shi, da ka taɓa saƙon murya sai fuska ta yi baƙi, murya ta koma ƙaramar sifika. Kai kuma sai ka ce ta mutu. Bidiyo na fita lafiya lau, saƙon murya ne kaɗai ke noƙewa, to ga inda za ka duba.

In duk wannan bai yi ba, ka soka abin kunne mai kyau ka saurara. Sauti na fita ta nan, ba ya fita ta sifika? Alama ce mai daɗi, mai yiwuwa datti ne ko ita sifikar kanta. Ko ta ina ba ya fita? To ko dai manhaja ce ta rikice, ko ciwon ya kai ga injin ciki, kuma lissafin kuɗi ya sake.

Gyaran gida yana da iyakarshi, amma a garinmu iyakar tana da faɗi, saboda sau da yawa abin da ke shaƙe sifika a nan ƙura ce. Daga hunturu zuwa iskar da ke share fagen damina, ƙura ba ta barin rami ko na allura. Ga zufa, ga garin goro a ƙullin zane, ga man shafawa da hoda a kan sifikar kunne. Alamar datti ita ce murya ba ta ɗaukewa rana ɗaya, raguwa take yi sannu a hankali, har ka wayi gari kana kai salula kunne don jin abin da da kake ji daga bakin ƙofa. Maganinta buroshin haƙori busasshe mai laushi: ka kashe salula, ka cire mata riga, ka juya ramukan su kalli ƙasa, ka share a hankali. Sai ka danna sikoc a kan ramukan ka ɗaga, za ka ga abin da zai biyo. Ramin abin kunne kuma tsinken sakace na itace ya isa, ba ƙarfe ba.

Akwai wani abokina mai walda a nan gari, duk bayan ƴan watanni salularshi sai ta fara magana kamar mai mura. Dalili kuwa a cikin kowace sifika akwai maganaɗisu, da zaren tagulla a naɗe, da ƴar fata siririya mai rawa kamar fatar kalangu. Maganaɗisun nan ke jawo garin ƙarfe daga iska, ya taru a kan fatar ya hana ta rawa. Ranar da aka buɗe a gabana, baƙin gari ne ya yi mata gemu, tsaye cirko-cirko. Masu walda, maƙera da masu wasa wuƙa, buroshi ba ya fid da ku, sai an buɗe. In kana cikinsu, ka riƙa barin salula cikin leda ko nesa da inda kake gurza ƙarfe.

Inda gyaran gida ke zama ɓarna shi ne wurin allura. Mutum ya ga rami ya cushe, ya ɗauko allura ko abin cire pus ya caka. Bayan ramin nan raga ce siririya, bayan raga fatar sifika. Garin neman gira a rasa ido: murya da ta ragu ta koma ta fashe, tana zizara kamar an saka ƙuda a gwangwani, kuma wannan ba ya sharuwa. Haka masu kai salula wajen mai faci a hura mata iskar taya. Iskar da ke tada tayar mota, ina ƴar fatar nan za ta iya da ita?

Ruwa kuwa nashi hukuncin daban. Yawancin salular da na ga ta jiƙe, ba tafkin Babaye ta faɗa ba, wurin alwala ne ta sulluɓo daga aljihun gaba, ko ruwan damina ya kama mai ita bisa kabu-kabu. Ka kashe ta nan take, kada ka sa ta caji, ka ɗan bubbuga ta a tafin hannu ramuka na kallon ƙasa, ka aje ta a inuwa inda iska ke wucewa, ta kwana. Sau da yawa murya na dawowa da kanta in ɗigon da ke kan raga ya bushe. Sautin nan mai gurnani da ake kunnawa don fidda ruwa yana taimakawa in ɗigo ne a bakin sifika, amma ba ya kai wa ga ruwan da ya shige ciki. Shinkafa kuwa, bar ta a tukunya. Kamfanin Apple da kanshi ya gargaɗi mutane su daina tura salula cikin shinkafa, don ƙananan ɓarɓashinta na iya shiga su yi lahani. Shanya ta a rana ya fi muni. Shi dai Apple ya ce salularshi an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40, bale bisa kwano da tsakar rana. Batir ne zai biya bashin. In kuma abin da ya zuba shayi ne, ko fura, ko lemu, kada ka jira. Sukari na bushewa ya daskare, sannan tsatsa ta bi wayoyin ciki. Wannan na mai gyara ne, a ranar.

Rumfar mai gyara ita ce hanyar da mafi yawanmu za mu bi, kuma a ganina ita ce daidai ga duk salular da garantinta ya ƙare. Sai dai masu gyara iri biyu ne, kuma a minti biyar na farko ake gane su. Akwai wanda da ka ce sifika, kafin ya taɓa sukurudireba ya yanke maka kuɗin sabuwa. Akwai wanda zai buɗe, ya ɗauko mita, wato na'urar awon wuta, ya ɗora tsinkayenta biyu a kan ƙafafun sifikar. Babbar sifika mai rai tana nuna wajen om 8, ƙaramar ta kunne kan nuna wajen 32. In mita ba ta motsa ba, zaren tagulla ya tsinke, sai canji. In ta nuna daidai, sifikar lafiyarta lau, ciwon na wani wuri, kuma ko an saka sabuwa goma shiru za ka ji.

Na taɓa biyan kuɗin wannan darasi a Yamai. Salulata ta ɗauke murya, na miƙa ta a wata rumfa, mai rumfar ya ce in dawo bayan la'asar. Na dawo, ya ce ya saka sabuwa, na biya. Muka kunna, tsit. Sai ya ce to ai inji ne, wannan kuma wani kuɗi. Na ce a maido mani tsohuwar sifikata, ya ce yaro ya share ta da shara. Tun daga ranar ba na barin a buɗe salulata sai ina tsaye, kuma ba a canza komi sai an gwada mani na gani.

Wani lokaci aikin bai kai canji ba. A salula da yawa sifika ba a liƙe take da dalma ba, zaune take bisa ƴan ƙafafun ƙarfe masu lanƙwasa. Salula ta faɗi, ƙafa ɗaya ta kwanta ko ta yi tsatsa, murya ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, in ka matsa bayan salula ta dawo. Ɗaga ƙafar da goge ta da alkol shi ke nan. Wani lokaci kuma ƙaramin allon ƙasa ne, wanda ramin caji ke kai, ko siririyar igiyar da ta haɗa shi da babban inji. In ka lura caji ma ya fara wasa a daidai lokacin da murya ta tafi, ka faɗa ma mai gyara, don wannan allon ana canza shi gaba ɗaya ba tare da an taɓa inji ba.

In dai canjin ya tabbata, za a ba ka zaɓi tsakanin sabuwa da ta cire, wato wadda aka ciro daga matacciyar salula irin taka. Mutane na ƙyamar ta cire, ni kuwa in an gwada ta a gabana na ji muryarta, na fi son ta da sabuwar da ba a san asalinta ba. Ta cire daga masana'anta ta fito tare da akwatinta. Akwatin roban nan da sifika ke ciki ba banza ba ne, shi ke ba murya kauri, kamar ƙwaryar gurmi. Mai gyaran da ya fasa akwatin ya cusa wata ƴar sifika ya liƙe da gam, murya za ta fita, amma siririya, ta kuma fashe in an ƙure ta. Ka ce a kunna maka magana, ba kiɗa kaɗai ba, a ƙure murya, ka tsaya taku biyar ka saurara kafin a rufe bayan. A nan Tawa akwai kuma maganar samuwa. Kayan Tecno, Itel da Infinix, waɗanda duk na kamfani guda ne, Transsion na ƙasar Sin, ba su da wuyar samu don su suka cika hannun jama'a. Salular da ɗan'uwa ya aiko daga Turai ko ya riƙo daga Aljeriya, wata sai an yi aike Yamai ko an bi ta Ƙonni a nemo daga Sakkwato ko Kano. Wanda ya nemi kayan gyara lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023 ya san abin da nake nufi. Ka tambayi kwana nawa za a yi, kuma ka riƙe salularka a hannu har kayan su iso.

Mafi tsada shi ne in ƴar ƙwaƙwalwar da ke tura sauti ce ta ƙone ko ta saki daga jikin inji. iPhone 7, da ta fito a 2016, ta yi suna da irin wannan ciwo, har maɓallin buɗe murya ya dushe ana cikin kira. Wannan aikin iska mai zafi ne da madubin ƙara girma da hannun da ba ya rawa, ba kowace rumfa ke da su ba. Wanda bai iya ba, zafin da zai sakar ma wuri guda sai ya tada na kusa da shi, ka kawo salula bebiya ka koma da gawa. A nan ba a neman araha. In ba ka san wanda aka shaida da wannan aiki ba, gara ka dakata.

Kafin ka miƙa salula ga kowa, ka cire pus da katin memuwa. Gwajin sifika ba ya bukatar ka ba da lambar sirri, kai kana iya buɗewa da hannunka in an zo gwaji, musamman in akwai Airtel Money ko manhajar aiken kuɗi ta Nita ko Amana a ciki, ga hotunan iyali. Kuma kada ka yarda a ce za a yi mata filashin, wato a wanke mata ƙwaƙwalwa, tun ba a gwada komi ba. Wankin ƙwaƙwalwa ba ya tada sifikar da ta ƙone, amma yana tafiya da hotuna da saƙonni, sannan salula ta tashi tana neman adireshin Google da kalmar sirrinshi. Dattijai nawa ne suka san nasu? Yaron da ya buɗe masu a shago ya daɗe da mancewa.

Wakilan kamfani kuwa, kamar Carlcare mai kula da salulolin Transsion, amfaninsu a fili yake in salula sabuwa ce: garanti yawanci shekara guda ne, in sifika ta mutu da kanta cikin wannan lokaci, gyaran ba naka ba ne. Ka koma shagon da ka saya da takardar sayen, su nuna maka hanya, kuma kada ka bari wani ya kwance ko ƙusa guda kafin nan, don buɗewar waje na kashe garanti. Amma garanti ba ya ɗaukar faɗuwa, ba ya ɗaukar ruwa, kuma ba a ɓoye masu: akwai ɗan farin tambari a ciki da ke komawa ja in ruwa ya taɓa shi. Ko salular da aka rubuta ma IP67, wadda aka gwada a zurfin mita 1 na minti 30, in ruwa ya shige ta kai za ka biya. Ga ɗan Tawa kuma, in sai an kai Yamai, tafiyar ta haura kilomita 500, ga kuɗin aike a mota, ga kwanakin zama ba salula. Mai tsada ce kuma sabuwa, ta cancanci wahalar. Ƙaramar Itel da ta shekara biyu, kuɗin hanya kaɗai ya sayi sifika.

Akwai masu cewa da hanau gara mannau, su sayi abin kunne ko ƙaramin akwatin Bluetooth su ci gaba da rayuwa. Ga ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani da dama kullum igiya na rataye a wuyanshi, wannan ba laifi, zai iya kai wa ƙarshen wata ko ƙarshen shekara a haka. Amma abin kunne ba ya gyara ƙarar kira. Mai kabu-kabu ko dillalin albasa da salularshi ba ta ƙara, kiran da ya wuce shi ciniki ne ya wuce. Ƙararrawar asuba ma ta tafi. Ga Inna kuwa sam bai dace ba, don ita ba ta jin saƙo ita kaɗai. In ƙanena ya aiko murya, sai ta tara matan gida, a aje salula bisa faifai a saurara tare, a sake maimaitawa.

Sayen wata ba ya shiga lissafi sai in abu biyu sun haɗu: ciwon na inji ne, salular kuma dama ta gaji. In kuɗin gyara ya doshi rabin abin da za a saye ta a hannunka yau, ga batir ya kumbura ko fuska ta tsage, kuɗin da za ka zuba ba zai dawo ba. Haka in ta tsufa ƙwarai. Tun Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da bai kai 5.0 ba, kuma lokaci-lokaci ana ɗaga wannan mataki. In ta hannu za ka saya, ka yi mata gwajin da na faɗa tun farko a gaban mai ita: kira, buɗe murya, saƙon WhatsApp, abin kunne.

Ita salular Inna, da na duba saman fuska sai ga hoton abin kunne zaune daram. Ashe jikan nata ne ke soka ekuter yana kama rediyo, tunda a irin salularta igiyar ce eriya, har ramin ya tara abin da ya tara. Na sa tsinke na zaƙulo dunƙulen zare da ƙura kamar ƙwayar gero. Murya ta dawo, amma a shaƙe. Buroshi ya ɗan taimaka, bai gama ba. Washegari na kai ta wajen wani matashi mai rumfa a bakin kasuwa, na ce ina so a gwada kafin a canza.

"Ba komi, Yaya, zauna ka gani," in ji shi.

Ya ɗora mita, ta nuna takwas da ɗan ɗoriya. Ya ciro akwatin sifikar, ya nuna mani ragar ta toshe da wani jan gari, ya sunsuna ya yi dariya, ya ce Hajiya na cin goro ke nan. Ya wanke ragar da alkol, ya bari ta sha iska, ya maida. Jika guda ya karɓa.

Da na kai mata, saƙonni tara ne suka taru. Ta kira matan gida, aka kawo faifai. Na farko gaisuwa ce, na biyu ma haka, na bakwai kuwa ƙanena har muryarshi ta fara rawa, yana tambaya ko lafiya, ko a kira maƙwabta. Inna ta danna ta riƙe, ta kai salula bakinta kamar mai tofi, ta ce, "Lahiya lau nike, salula ce ta yi mura."